Likitar Gidanmu da Ba Ta Allura

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na cika tara, Anti Rahila ta wanke wata doguwar farar riga mai aljihu biyu ta shanya a igiyar tsakar gidanmu a Mpape. Ba ta daɗe da kama ɗakin da ke jikin namu ba. Ina zaune a tabarma ina tsintar shinkafa, sai na ga maƙwabciyarmu Maman Ɗanjuma ta tsaya cak da bokiti a hannu, ta dubi rigar, ta dubi Umma, ta ce, "Ashe likita Allah ya kawo mana har gida!" Kafin rigar nan ta bushe labari ya gangara har bakin famfo. Daga ranar manyan gidan suka daina kiran ta da kowane suna sai Likita.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere a kan tudu, rufin kwano da aka danne da duwatsu. In masu fasa dutse suka tayar da nakiya da rana, sai kwanukan Umma su yi ta rawa a kan kantar da ta jera su. Baba mutumin Zariya ne, yana da ɗan shagon kayan masarufi a bakin titi, ba ya dawowa sai magariba. Ni kuwa sikila gare ni. Makarantata ta tsaya a aji uku, don hawa da saukar tudun nan kullum shi ke kwantar da ni. Da safe yaran gida su watse, a bar ni da tsinke zogale da gadin kaji kada su shiga shanya. Da yamma in ji su a waje suna gaɗa da langa da 'yar gala-gala, ni ina kwance ina bin waƙar a zuci. Abin da zaman gida ya ba ni shi ne kunne. Ta takun ƙafa nake sanin wanda ya shigo, ta yadda aka ajiye bokiti nake sanin an yi faɗa a famfo.

Anti Rahila 'yar Filato ce. Ta gama jami'a, ta gama bautar ƙasa, ta zo Abuja neman aiki. Ilimin halittu ta karanta, rigar kuwa ta ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu ce. Ta faɗa ya fi a ƙirga, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji: "Ni ba likita ba ne, Mama. Ganye da ƙwaro da kifi na karanta." Sai a yi dariya a ce tawali'u ne irin na masu ilimi.

Ni kaɗai na yarda, don ni kaɗai nake shiga ɗakinta. Can na ga 'ya'yan kwaɗi masu jela da ta kwaso daga kududdufi ta zuba a roba. Can ta ba ni wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, na leƙa bayan ganyen gwanda na ga hanyoyi kamar na unguwarmu. Ita ce ta fara gaya mini abin da ke damuna. Ta ce ƙwayoyin jinina ne wasu suke lanƙwashewa kamar lauje, su maƙale a hanya, shi ne ciwon. Ba wanda ya yi mini baki, ba kuma laifina ba ne. Ranar na daɗe ina kallon hannuna.

Kusan kullum sai ta goge kayanta ta gangara cikin gari, ta dawo da yamma takalmi duk taɓo. Ta zauna a bakin katifa tana murza ƙafa tana ba ni labari kamar ni babba ce. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti an ce takardarta ba ta wannan fannin ba ce, sai ta koma karatu. Wata makarantar kuɗi ta ce za ta ɗauke ta, amma ta haɗa da koyar da lissafi da sharar aji. Wani mai kamfanin ruwan leda yana neman mai gwada masa ruwa, da ta je ta tarar ya ɗauki ƙanin matarsa. Wani oga ya ce ta zo su riƙa feshin maganin ƙwari a lambunan Maitama. Har akwai wurin bincike da ake biyan mutum ya yi kiwon sauro, ta je ba ta samu ba. Da na ce ai mu nan Mpape kyauta muke kiwon sa, sai da ta yi dariya har da hawaye. Hanyoyin suna da yawa, in ji ta, ƙofofin ne ƙanana.

A tsakar gida kuwa magana ta fara juyawa. Mata su kawo mata yaro mai zazzaɓi, ta taɓa goshinsa ta ce a kai shi asibiti yanzu. Su fito suna taɓe baki. Na ji Maman Ɗanjuma na cewa, "Ilimi dai ga shi, amma rowar tsiya. Ba ta taɓa talaka."

Wata rana bayan azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sanyi ya shige ni, ciwon ya tashi irin wanda ban taɓa ji ba. Umma ta fita da gudu ba mayafi ta buga ƙofarta. Ina ji tana cewa, "Likita, don girman Allah ki yi mata allura, ko me kike so zan ba ki." Ina kuma jin amsar: "Mama, Allah ya sani ban iya ba. In na soka masa allura zan iya kashe shi." Babu ɗan acaɓar da zai hau tudun nan a taɓo. Anti Rahila ce ta ɗaura zane ta goya ni, ta gangara da ni tana zamewa tana tashi, har asibitin bakin titi. Ina jin numfashinta ta bayanta.

Na warke, amma Umma ba ta riƙe goyon ba, ƙin allurar ta riƙe. Ta ce wadda ta gan ni ina murƙususu ta janye hannu ba ta da abin da za ta koya mini. Aka hana ni ɗakin. Na yi kuka, na roƙi Baba, ya ce in bi maganar uwata. Ban ga laifin Umma ba ko a lokacin, tsoro ne ya yi mata yawa. Sai dai kwanakin nan sun fi na asibiti tsawo. In kwanta jikin bangon da ya raba mu, in ji motsin cokalinta. Ita ma ta gane. In ta fito girki sai ta ɗaga murya kamar da tukunya take magana: "To, yau dai kwaɗin sun fito da ƙafa." Ko kuma, "Yau ma sun ce a dawo wata mai zuwa." Ni kuwa in yi tari sau ɗaya, ta san na ji.

Ta haka na ji ta samu aiki. Wata gonar kifi ce a Masaka ta ɗauke ta kula da ƙyanƙyasar tarwaɗa. Gida ya ɗauka, wai Likita ta koma kiwon kifi, ana ta jajantawa kamar an yi rashi, alhali ban taɓa jin muryarta da daɗi kamar ranar ba. Da safen da za ta tafi, Umma ta zauna a bakin ƙofarmu tana tankaɗe, ba ta ce kada in fita ba, ba ta kuma matsa daga ƙofar ba. Na ji an fitar da katifa, an fitar da risho, an ja ƙofa. Takunta ya zo daidai tagarmu ya tsaya. Ta ce, "Bilki, ka riƙa shan ruwa da yawa, ka ji?" Ko tarin ban iya yi ba.

Yanzu ina da aure da 'ya'ya biyu, har yau kuma ba na son fita. Yaran unguwa da suka yi irin karatunta suna nan, wani yana gwajin abinci a kamfani, wata tana koyarwa, wasu suna jira, kuma ba mai kai musu yaro ya ce a yi allura. Yaron da ciwo ya kwantar yanzu yana da waya a hannu, ba ya buƙatar jingina kunne da bango. Umma kanta, kafin ta rasu, ta taɓa tuna Anti Rahila ta ce, "Yarinyar nan fa gaskiya ta faɗa mana." Sau biyu na sa maigidana ya tambaya mini a gonakin kifin Masaka. Duk inda ya je sai a ce, "Rahila wa?" Na tambayi duk wanda ya rage cikin mutanen gidan nan, ba wanda ya san sunan mahaifinta ko na ƙauyensu. Mun zauna da ita damina guda muna kiran ta abin da muke so ta zama, ba mu taɓa tambayar ta ko ita wace ce ba.