Likitan da Ke Fara Tambayar Uba

Shekarunsa sittin da biyu, babban likitan tiyata ne, shi ke ba ɗaliban likitanci shawarar fannin da za su bi. In bai sa baki ba, gurbi ya yi wuya. Yana zaune a barandar wani asibiti a Malumfashi, tumbinsa ya tokare tebur, yana kaɗa makullin mota.

Ɗanjuma, wanda ya fi kowa iya ɗinkin rauni a ajinsu, ya rusuna ya ce tiyata yake so.

"Ɗan wane ne kai?"

"Babana manomi ne a Tsiga, ranka ya daɗe."

"Nemi fannin rigakafi, yaro. Tiyata sai mai gata."

Fason da ke dugadugan likitan ya nuna shi ma da fartanya ya tashi. Ɗanjuma bai gama miƙewa ba, likitan ya jawo wa ɗan wani Alhaji kujera.