Bango Na Da Hanci

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baffa Magini, ƙanen mahaifina, wanda ya gina rabin zaurukan unguwarmu a Tambuwal. In ni ke ba da labarin, har rabin garin ne. Allah ya jiƙansa.

Zauren gidanmu kuwa kakansa ya gina, shi riƙo kawai ya yi. Kaurin bangon ya isa jaki ya yi birgima a kai. Rufin azara ne, bakan gizo huɗu sun haɗu a tsakiya, ga zankwaye a bisa. Tsakiyar bazara ka shiga, sai ka nemi mayafi.

Duk shekara kafin ruwan fari Baffa kan tara mu yaɓe. A kwaɓa jar ƙasa, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, mu yi ta tattaka har ƙafa ta mutu. Ran nan na gaji na ce, "Baffa, a shafa siminti mana kowa ya huta."

Ya ce, "Kai dai raggo na, Bala. Bangon ga na da hanci. Ka toshe mai shi, ciki za ya ruɓe ba ka sani ba."

Shekara biyu bayan mun binne shi na lulluɓe zauren da siminti, na bi da shuɗin fenti, ina yawo ina cewa na kawo ci gaba. To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Daminar bara simintin ya kumbura kamar tumbina. Ka ƙwanƙwasa, sai ka ji ganga. Ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, kan azara biyu ya fara ruɓewa. Ƙanena Sani ya ce in bangon ya ƙara motsi bana, rushewa za a yi a jera shaguna. Ba zan ga laifinsa ba, 'ya'yansa ta nan suke wucewa.

Na hau babur har Kebbe, hanya ta kusa zazzage mini hanji, na sami Malam Ummaru, abokin aikin Baffa. Idonsa ya tafi, tsufa ya hana shi aiki. Ban gama bayani ba ya ce, "Wa yat toshe mai hanci?"

Na ce, "Wasu mutane ne, Baba."

"To wasu mutanen su ɓamɓare shi, su bari shi sha iska, kana su yaɓe. In hadari ya riga ku, shi ke nan."

Da Baffa zai leƙo yau, ban san me zai fara yi wa kuka ba: zaurukan da suka koma shaguna, ko ni, ƙato da furfura, ina ta kiran Malam Ummaru ina koyon kwaɓi ta waya.

Kwana shida ke nan ina ɓamɓara, ido ɗaya a gabas. Jiya wani ɓawo ya faɗo, sai ga sawun yatsun Baffa a tsohon yaɓe, layi bisa layi. Na ɗora hannuna a kai. Bangon da sanyi, da danshi, amma da sauran numfashi.

Allah ka ara mini sati biyu kafin ruwa.