Ranar da Aka Rubuta Mu

Har yau in na ji ƙanshin tawada, irin wadda ake dafawa da gawayi da ƙaro, sai in ga zauren alƙalin garinmu a gabana. Ban wuce shekara tara ba a lokacin. Kaka ce, an gama yankan dawa.

Uwata baiwa ce. An kamo ta tana yarinya daga wani ƙauye cikin dajin Birnin Gwari, ni kuwa a gidan da aka kawo ta aka haife ni. Mai gidan wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, muna ce mata Iya. Wata safiya tana kaɗi ta ce da uwata za ta 'yanta mu, amma ba da baki kawai ba. Ta ga abin da ya faru a maƙwabta: mutum ya 'yanta bawansa yana kwance ciwon ajali, da ya cika magada suka ce zafin ciwo ne ya yi magana.

Kwana bakwai tana shiri. Ta aika aka tambayo ranar da alƙali zai zauna. Ta nemi shaidu biyu da ba danginta ba, waɗanda suka san fuskokinmu: limamin unguwa da maƙerin bayan gida. Ɗanta kuma ta ce ya zo ya ji da kunnensa.

Ana gobe za a je, malamin da ya rubuta takardar 'yancin ya zo ya karanta, yana fassarawa. Da ya gama kowa ya ce madalla. Uwata, wadda ban taɓa jin ta sa baki a gaban manya ba, ta durƙusa.

"Gafarta Malam, ban ji sunan yarinyar ba."

"Ai 'ya tana bin uwarta," in ji shi.

Liman ya girgiza kai. "Wadda za a haifa ce ke bin uwa. Wannan an riga an haife ta."

A nan na gane da an tafi da takardar haka, uwata ta zama 'yantacciya, ni in shiga rabon gado tare da awaki. Malam ya ce zai ƙara ni a gefe. Liman ya ce alƙali ba ya karɓar ƙari ko kankare rubutu. Sai da aka nemo sabuwar takarda wajen fatake, aka sake rubutu tun daga bisimilla.

Washegari aka kawo wa Iya jaki, ta ƙi hawa. Da ƙafarta ta taka, tana dogara sanda, tana gaisawa da mutane a hanya, don kowa ya ga da lafiyarta da hankalinta.

Zauren yana da sanyi, ga littattafai cikin gafaka rataye a bango. Alƙali dattijo ne siriri mai magana a hankali. Ya tambayi Iya ko wani ya tilasta mata, ta ce babu. Ya dubi tsagar fuskar uwata, ya dubi tabon ƙuna a hannuna, ya sa aka rubuta. Sannan ya tambayi uwata sunanta. Ta faɗi wanda ake kiranta da shi.

"Wanda mahaifinki ya sa miki fa?"

Sai ta faɗi wani suna da yaren garinsu. Ranar na fara jin sa. Alƙali ya maimaita shi sau biyu har ya zauna a bakinsa, aka rubuta duka biyun. Shaidu suka shaida, alƙali ya danna hatimi. Na zura wa baƙaƙen layukan ido, ina mamakin yadda abu mara nauyi haka ya sauke mana abin da ya fi dutse.

Da muka fito, uwata ta kama hannuna muka wuce kasuwa. Ba abin da za mu saya. Yawo kawai muka yi har la'asar, ba ta tambayi izinin kowa ba.

Yanzu na tsufa, an ce ma an hana sayar da mutum. Jikokina sukan fice ko waiwaye ba sa yi. In na ce ina za ku, su ce nan kusa. Ba na yi musu faɗa.