Keken Baba Vandi

Babanmu Vandi mai gyaran injin niƙa ne a Kolere, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ganin ya je ko'ina ba sai a kan baƙin kekensa. Taurin kai kuwa, a bar shi kawai! Ka ce ya hau Napep, sai ya ce ƙafafunsa ba su mutu ba tukuna.

Kansar prostate, wato ƙullun da ke ƙasan mafitsarar maza, ce ta kashe yayansa, shi ya sa na matsa masa ya je a gwada jininsa. Na yi magana har bakina ya gaji kafin ya yarda. Ya tafi da damina, ya yi ta dukan ramukan hanya a kan keken har cikin garin Mubi, yana sauka aka ɗebi jinin. Sakamakon gwajin, wanda ake kira PSA, ya fito sama da yadda ya kamata.

Wallahi na tsorata. Washegari Baba ya tura keken gidan amininsa Gabdo ya ba shi kyauta, ya dawo a ƙafa. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, don na san sallama ce yake yi.

Da muka koma asibiti, likita ta ce hawan lambar ba ya nufin cutar kansa kai tsaye. Ciwon fitsari kan ɗaga ta, har doguwar tafiya a keke ma. Ta tambaya da me ya zo ranar gwajin.

"Da keke mana," in ji Baba. "Da me zan zo?"

Na ce, "Kin ji ko, likita!"

Ta gano yana da ciwon fitsari, ta ba shi magani, ta ce ya huta a sake gwaji. Da aka sake, lambar ta sauka. Ta ce duk da haka a riƙa dubawa saboda yayansa. Na sauke wata ajiyar zuciya har mutanen layi suka juyo.

Daga asibiti gidan Gabdo muka wuce. Baba ya tsaya yana kame-kame, kunya ta hana shi neman abin da ya bayar kyauta. Gabdo ya shiga ciki ya turo keken, an goge shi tas, an sa wa sarƙar mai.

"Ban hau ba ko sau ɗaya," in ji Gabdo. "Kullum ina roƙon Allah ka zo ka karɓi kayanka."