Gadar da Na Koyo a Keita

Liman na sallame sallar asuba, ni da yayana muka haye kamyo, babbar motar kaya, a tashar Madawa. Kowa ya ɗauka hutun lakwal, wato makarantar boko, zan yi gidan kawu a Keita. Ni kuwa ramuwa ta fito da ni: bara bayan girbi taubashina, ɗan kawun, ya kada ni a kokowa gaban 'yan mata, kuma har yau in ya gan ni sai ya tambayi lafiyar bayana.

A kan buhunan albasa aka ɗora mu. Kafin Buza duwatsun hanya sun sauya wa hanjina wurin zama, wani rago kuma ya cinye rabin hulata. A Buza muka sha hura mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki ba mai riƙe shi. Da la'asar muka shiga Keita, ja wur da ƙasa kamar an tono mu.

Kawu gadi yake yi wa wani bature mai dashen itatuwa. Washegari da hantsi na leƙa ta darni, sai ga baturen a kan tabarma, ya lanƙwashe ta baya, tafin hannu da na ƙafa a ƙasa, cibiya na kallon sama. Na ruga na ce wa kawu iskoki sun kama maigidansa. Ya ce ba iskoki ba ne, sunan abin yoga, wannan kuwa gada ake ce mata.

Nan take dabara ta zo mini. Mutumin da bayansa ba ya taɓa ƙasa, wa zai kada shi?

Na shiga koyo a bayan rumbu. Farko ƙashin bayana ya yi ƙara har kaji suka watse. Da na fara iyawa, ɗan akuya ya mai da ƙarƙashina hanyar wucewa. Kaka ta same ni a haka, ta riƙe haɓa.

"Kai mijin banza, mutane na sujada ta gaba, kai ta baya? Wane malami ya ba ka wannan?"

"Jira ranar kasuwa, tsohuwa, ki ga aiki."

Ranar kasuwa da marece aka yi da'ira, makaɗi ya saki ganga, 'yan matan bara duk sun zo. Muka kama. Taubashina ya ɗan tura ni, tura ce kawai ta gwaji, ni kuwa na saki jiki na yi baya, na kafa gada mai kyau wadda baturen ma zai yi kishi. Bayana bai taɓa ƙasa ba! Ina nan ƙage, duniya a kife, ina jiran guɗa.

Guɗar ta zo, amma ba tawa ba. Wani tsohon ɗan kokowa ya duƙo ya leƙa fuskata.

"Yaro, hannu biyu a ƙasa, ga kai ya bi su. Tun da nike ban ga wanda ya kada kansa da kyau haka ba."

Abin da ko yaron goye ya sani a ƙasarmu ta Adar, ni na manta: a kokowa hannu na dafa ƙasa an gama. Taubashin nawa ma bai bari na tashi ba sai da ya zauna a cikina ya gaida jama'a.

Mun koma Madawa ina kwance rub da ciki a kan buhunan hatsi, yayana na ba duk wanda ya hau labari. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, yoga ta mai tabarma ce, wanda ba kowa a gabansa. Bayana dai ya yi laushi, ban musa ba. Amma ina sauka a tasha wani da ban taɓa gani ba ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da zuwa, Gada!"