Mai Askin da Ya Ce Mijina Ya Sallama

A bakin layinmu akwai wani mai aski da ake ce wa Ka-ji-ko, don ba ya rufe magana sai da wannan tambaya. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa da aka ɗaure ƙafarta da waya, madubi mai tsaga a gefe, sai bencin masu jira. Tun yana saurayi yake wurin har kansa ya yi fari. Hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Bakinsa ne abin gudu.

Yana da wata dabara da na daɗe da ganowa, don tagar ɗakin girkina tana kallon ƙofarsa. Ba ya kawo hujja sai ya shafa wa mutum kumfa, ya ɗaga masa haɓa, ya ɗora aska a maƙogwaro. To wa zai motsa baki a nan? Sai ya zuba magana son ransa, ya waiwayi 'yan benci ya ce, "Kun gani, ya yi shiru. Ka ji ko?"

Mijina, Allah ya jiƙansa, tela ne, kuma shi ne babban abokin musunsa. Musun nasu guda ne, wai ko halin mutum yana canzawa. Mai aski ya ce da halin da aka haife ka za a binne ka. Mijina ya ce ƙarya ne, ga shi shi kansa shaida: ya yi caca a ƙuruciya, ya tuba tun kafin ya aure ni, bai sake waiwayarta ba. Mai aski ya ce, "Tela, halin yana nan kwance a cikinka, tsufa ne ya danne shi." Mijina yakan dawo yana huci, da kumfa a bayan kunne, ya ce, "Gobe zan gama da shi." Duk da haka bai taɓa yarda wani ya taɓa masa kai ba.

Da ya rasu, ina ɗaki ana karɓar gaisuwa, maza na zaune a ƙarƙashin tagata, sai na ji muryar mai aski. "Allah sarki tela. A askinsa na ƙarshe sai da ya sallama mini. Na ce hali ba ya canzawa, bai ce uffan ba."

Carbi ya tsaya a hannuna. Ashe mutumin da ya mutu da tabon sujada a goshi, za a riƙa cewa ya yarda da kansa cewa ɗan caca ne har kabari? Maganar ta bi layi. Mai shayi ya faɗa, mai faci ya maimaita. Ni ba mai musu da maza ba ce, na haɗiye, amma ban manta ba.

Ana nan sai haƙorin mai aski ya ruɓe, kumatu ya kumbura. 'Yata ta fari kuwa a asibitin haƙori take aiki. Da ta gaya mini an sa shi a layinta, na ce, "Ki yi masa aiki mai kyau, ban ce ki cuce shi ba. Amma kada ki bar masa bakinsa."

Mai shayi da mai faci ne suka raka shi, ta ce su shigo su tsaya. Ta kwantar da shi, ta yi masa allura, ta cusa auduga, ta sa ƙarfen da ke riƙe baki a buɗe.

"Baba, tun da babana ya tuba, ka taɓa ganinsa a wurin caca?"

"A-a-a…"

"Kai da kanka, da can da tsumma ɗaya kake goge kowa. Yanzu har dafa aska kake yi. Wannan ba canji ba ne? Amsa mana, Baba, ai kai ne malamin musu."

Ya yi ta kaɗa ƙafa, miyau na zuba. Ta waiwayi 'yan rakiya ta ce, "Su Kawu, kun shaida, ya yi shiru. Ka ji ko?" Mai shayi ya ce dariya ta sa shi dafa bango.

Bayan kumburin ya sauka, sai ga mai aski a ƙofata. Ya yi sallama, na amsa daga bayan labule.

"Matar tela, 'yarki ta tozarta ni. Mutum da ƙarfe a baki ai ba ya magana."

Na ce, "Da aska a wuya fa?"

Can ya ce, "To, bai sallama ba. Amma ni ne da gaskiya. Halinsa na taurin kai ne ma ya fito a jikin yarinyar."

Na ce, "Riƙe gaskiyarka. Waccan ta farkon, cewa bai sallama ba, nake so ka faɗa a shago, 'yan benci na ji."

Ya faɗa, na ji ta taga, sai dai a gurguje ya faɗe ta, yana wasa aska don ƙarar ta rufe. 'Yata ta ce akwai wani haƙorinsa na sama da ya fara baƙi. Ban yi masa mugun baki ba, Allah ya sani. Addu'ar sauƙi ce dai har yanzu bakina bai iya ba.