Injin Wankin da Goggo Laure Ke Hawa

Duk wanda ya shiga gidan hayar Iya a Agege, Legas, da hantsi, cikin watannin nan na baya, ya san abin da zai tarar: Goggo Laure a saman injin wanki, ta harɗe ƙafafu, carbi a hannu, injin yana girgiza ita ma tana girgiza. In ka gaishe ta, amsar gutsi-gutsi take fitowa, "La-fi-ya la-a-au!" Kumatu na rawa, ɗankwali ya zamo har kan gira, amma wallahi ba ta sauka sai ya gama matse kaya. Ku da kuka san ta ai ba sai na rantse muku ba.

Ni ne Sabi'u, ɗan ƙanenta, mai gyaran firji da injin wanki a Iyana Ipaja. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ta haɗa ni da 'yarta Uwani, kuma da wanki ta ciyar da mu. Shekara talatin da 'yan kai tana wanke rigunan mahautan Oko-Oba, jini da kitse, ruwan zafi da soda, har yatsunta suka kanannaɗe, fatar ta tsattsage. Likita ya ce kada ta sake tsoma hannu a ruwan sabulu. Uwani ta sayo mata inji, ta kwashe bahunan wankin ta rabar, don ta san halin uwarta.

Abu ɗaya Goggo ke tsoro a duniya, a ce mata ta huta. Takan ce, "Ku zage ni in kuna so, amma kada wanda ya ce mini in huta. Ni ba kayan ajiya ba ce." Mu kuwa dariya muke yi.

Ranar da aka kawo injin na yi tafiya, masu kawowa ne suka jona mata ruwa da wuta suka wuce. Ledar jikinsa ba ta yarda an ɓare ba, kwalin da ke bayansa ma ta sa an bar shi, ta kuma lulluɓe saman da zanen atamfa. Ta zuba kaya, ta danna inda aka nuna mata. Wanki ya tafi lafiya. Da ya zo matsa, sai ga inji ya baro lungunsa yana tsalle, gidi-gidi-gidi, ya nufi ƙofa. Matan gidan suka watse, wata ta bar tukunya a wuta. Goggo ta tattare zane, ta taka kujera 'yar tsugune, ta ɗare kansa.

Da na dawo take ba ni labari, fuskarta fal murna, rabon da in gan ta haka tun kafin zancen likita.

"Injiniya, abin nan ba shi da tarbiyya! Sai da na hau shi ya san da babba a wurin."

"Goggo, ba haka ya kamata ya yi ba. Bari in duba."

"Duba da ido. Wannan hannun naka mai baƙin mai ba zai taɓa mini kaya ba."

Haka na yi sati ina lallashi kafin ta yarda, bayan ta sa na wanke hannu sau biyu tana tsaye a kaina. Na fara da inda kowane mai gyara ke farawa, wato ƙasa. Na ɗora kofin ruwa a saman injin, ruwan ya karkata gefe ɗaya. Na leƙa, sai ga ƙafar gaba tana lilo, an cusa mata rabin silifas. Na zare silifas ɗin, na murɗa ƙafar har ta zauna daram. Goggo ta sunkuya ta ɗauki abinta ta karkaɗe.

"Kada ka jefar mini. Ɗaya rabin yana ƙarƙashin gado yana aiki."

Muka kunna. Ya tashi da tsalle kamar ba a yi komai ba. Ta haye, tana kallona tana dariya, haƙoran goro a waje.

Sati na biyu na ce to kaya ne. Bargo ɗaya in ya jiƙe yakan dunƙule a gefe guda, gangar ciki ta riƙa juyawa da nauyi a ɓangare ɗaya. Na fara yi mata bayanin yadda ake haɗa manya da ƙanana. Kai, da na sani ban fara ba!

"Ni za ka koya wa raba kaya? Ni? Shebi, ba ni na wanke wandonka lokacin da kake zawon haƙori ba? Oya, kunna shi ba komai a ciki, mu ga iliminka."

Na kunna shi wayam. Ya yi rawar da ta fi ta jiya. Ta ce, "To, bargon wa ke ciki yanzu?"

Na ji kunya, amma a nan na gane ba kaya ba ne. Na kashe, na sa hannu na juya gangar, ban ji ƙarar lalacewar boris ba. Sai na danna ta ƙasa. Ganga mai lafiya takan nutsa ta dawo, don a kan sifirin take rataye. Wannan ko motsi, kamar an dasa ta da siminti. Na ce a jawo injin in ga bayansa. Da ƙyar ta bari na ɗaga kwalin nan, sai ga su: noti huɗu manya, masu kan roba. Su ne ake ɗaure gangar da su don kada ta bugu a mota, kuma da an sauke inji ake kwance su. Masu kawowa ba su kwance ba. Duk ƙarfin juyin nan a jikin injin yake ƙarewa, shi ya sa yake tafiya.

Na ce, "Goggo, na gano! Minti goma, in cire waɗannan, shi ke nan."

"Ka cire me?"

"Notin nan. Na hanya ne kawai."

"Mutanen da suka ƙera jirgin sama ne za su saka ƙarfe huɗu a banza, sai kai na Iyana Ipaja ka fi su sani? Da su aka sayo shi, da su zai zauna. Rufe mini kwalina."

Na yi bayani, na nuna mata hoton da ke takardar injin, na rantse. Ta ce hoton ma ai cewa yake ga inda suke, a kula da su. A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin nata da muka saba. Wata huɗu tana hawa injin nan kullum, mahauta na kawo kaya, tana ce musu, "Ni da shi muka wanke. Shi kaɗai ba ya iyawa."

Sai bango ya fara tsagewa. Iya mai gidan, Bayarabiya, ƙawar Goggo ce tun suna da ƙuruciya, kullum cikin faɗa suke, kullum kwano ɗaya. Ta tare ni a bakin ƙofa, ta kama mini riga.

"Sabi'u, e jo, don Allah ka taimake ni. Uwarka za ta rushe mini gida. In na yi magana ta ce ginin ne tsoho kamar ni. Ka gyara shi ba ta sani ba."

Ranar wata Asabar Goggo ta tafi suna. Iya ta buɗe mini, na sa sifana, minti goma bai cika ba. Na jefa notin cikin buhun ƙarafa na shago, na mayar da kwali yadda yake, na zauna ina jiran a yaba mini.

Ta dawo, ta zuba kaya, lokacin matsa ya yi ta haye kamar kullum, ta gyara zama, ta riƙe gefe da gwiwar hannu. Injin ya ɗauki gudu, sai ɗan shuuu a hankali. Ko ɗan kunnenta bai motsa ba. Ta jira. Ta ƙara jira. Ya tsaya, ya yi ƙarar gamawa.

"Ya gama?"

"Ya gama, Goggo."

"Shi kaɗai?"

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na ji daɗi. Ta sauko a hankali, ta gyara zanen da ke samansa, ta shige ɗaki.

Daga ranar, benci take zama a ƙofar ɗaki, hannuwa a cinya. Zuba kaya da kwashewa minti nawa ne? Sauran yinin kallon tsakar gida. Ko Iya ta tsokane ta, ba ta ramawa. Bayan sati biyu ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Sabi'u, ina ƙarafan nan? Mayar mini ko biyu ne." Ba ta ce Injiniya ba, ban ma lura ba sai daga baya. 'Yan gwangwan sun riga sun kwashe buhun. Na yi dariya, na ce, "Haba Goggo, ki huta mana!"

Da bakina na faɗa. Ta dube ni kawai, ta kau da kai.

Sati bakwai bayan gyaran nan ta faɗi a bakin famfo, hawan jini. Na san ajali ne, malamai sun gaya mini, Uwani ta gaya mini, ni ma na yi imani. Amma ni na san abin da na kwance ranar Asabar ɗin nan. Na iya gano abin da ke damun inji a sati biyu, matar da ta raine ni ban gano nata ba sai da ta kwanta.

A asibiti, kwana na biyu, ta farfaɗo. Na zo da noti huɗu da na samo a wurin wani abokin sana'a, na buɗe tafin hannu na nuna mata. Na ce, "Goggo, ga su. Kina dawowa zan ɗaura." Ta kalle su, bakinta ya karkace amma sai da ta yi murmushi.

"Kai, bar shi. Za ka lalata wa Uwani inji." Ta ɗora yatsun nan nata a kan hannuna. "Ka iya aikinka, Injiniya. Laifinka ke nan."

Washegari da azahar ta cika.

Allah ya jiƙan Goggo Laure. Ya sa wahalar da hannuwanta suka sha dominmu ta zama kaffara, ya haskaka kabarinta, ya sanyaya mata makwanci. Ni kuma, ya Allah, ka sa ta yafe mini.